Yanda ake rubuta labarin makashin da ya addabi wata baiwar Allah, har mai karatu ya kasa ajiye waya

Labarin soyayya mun iya shi, na kishiya da uwar miji kuwa ba a magana, na aljanu ma akwai gwanaye. Amma irin labarin nan da za a ɗauko mutum kamar ni kamar ke, wanda ko kaza bai iya yankawa da kyau ba, a haɗa shi da wani mugu mai kisan ɗauki ɗai-ɗai ya dinga bibiyarsa yana wasa da hankalinsa, wannan kam da sauranmu. Yawancin masu gwadawa fej ɗin farko suke cikawa da jini, an yanke kai an farke ciki, mai karatu ya ce subhanallahi ya wuce, zuwa fej na biyar ya saba da jinin ba abin da yake ji kuma. Abin da ke hana mutum barci jira ne, ya san abu zai faru bai san yaushe ba, kuma wanda abin zai faɗa wa ya riga ya shiga ransa. Toh ga yanda ake gina shi daki-daki. Da "ki" zan yi maganar tunda mata ne suka fi yawa a harkar rubutun nan tamu, maza sai ku ɗauka da ku nake.

Mataki na farko: fara da wadda za a addaba, makashin ya jira

Kowa zumuɗin makashi yake, ya za a yi shi, wane suna za a ba shi. Ki ajiye shi tukunna. Ɗauko takarda ki ƙirƙiri mutuniyarki, kuma ki tabbata talaka ce ta gaske, ba 'yar sanda ba, ba 'yar minista da ke da masu gadi shida ba, ba wadda ta koyo faɗa a ƙasar waje ba. Bari mu yi misali da wadda za mu bi har ƙarshe, mu kira ta Hajara. Bazawara ce, shekara 31, tana da ɗa ɗaya ɗan firamare, tana da 'yar rumfar POS a bakin titi, tana haya ɗaki ɗaya a gidan da banɗaki ɗaya ne na kowa da kowa, akwai wani mai shagon taya da ya fara turo maganar aure.

Yanzu ki rubuta ranarta guda daga asuba zuwa barci, awa-awa, ko da ba za ki sa shi a littafin ba. Ƙarfe nawa take fita, wane lungu take bi, wa take gaisarwa, ina take sayen kunu, wa ke ɗauko mata yaro daga islamiyya, ƙarfe nawa take haɗa lissafi ta rufe rumfa, a ina take ɓoye makullin ɗaki in ta fita (ƙarƙashin turmi, kowa a gidan ya sani). Wannan takardar ita ce kayan aikinki gaba ɗaya, domin duk abin da kika rubuta a ciki ƙofa ce da mugun zai shigo ta nan. Sannan a ƙasa ki jera abin da za a iya raba ta da shi: ɗanta, jarinta wanda rabinsa bashi ne, auren da ake magana, da mutuncinta a unguwa. Na ƙarshen nan ki ja masa layi biyu, a ƙasar Hausa bazawara mai zaman kanta ba ta da abin da ya fi shi saurin fashewa, kuma marubutan waje ba su da wannan makamin kamar yanda muke da shi.

Mataki na biyu: yi makashin da za a iya ba shi ajiyar makulli

Wanda ake kira mai kisan ɗauki ɗai-ɗai shi ne wanda ya kashe mutum biyu ko fiye a lokuta daban-daban, haka hukumar FBI ta Amurka ta tsayar a taron da ta kira a 2005. Ma'ana yana yi ya koma rayuwarsa, ya je aiki, ya je ɗaurin aure, sai bayan wata ko shekara ya sake. Wannan komawar ita ce abin tsoron, ita kuma ake yawan mantawa.

Dubi na gaske. Dennis Rader a garin Wichita na jihar Kansas ya kashe mutum 10 tsakanin 1974 da 1991, yana da mata da 'ya'ya biyu, shi ne shugaban kwamitin cocinsu lokacin da aka kama shi a 2005, kuma shekaru ya yi yana aiki a kamfanin da ke saka wa gidaje na'urar ƙararrawar tsaro, wato mutane na tsoron makashi suna kiran makashin ya zo ya tsare musu gida. Harold Shipman likita ne a garin Hyde na Ingila, tsofaffi na yabonsa saboda har gida yake zuwa duba su, a 2000 kotu ta same shi da kisan mutum 15, binciken da aka yi daga baya ya gano sun haura 200. Moses Sithole a Afirka ta Kudu da alƙawarin samar da aiki yake jan mata, cikin fara'a da shiga mai kyau, a 1997 aka yanke masa shekara 2,410 kan kisan mutum 38 da wasu laifukan. Ba ɗaya a cikinsu da ke da jajayen idanu ko dariyar "hahaha" cikin duhu.

Saboda haka ki ba naki sana'ar da za ta sa ya shiga gida ba a tambaye shi ba. Mai gyaran wuta, mai kemis ɗin unguwa da ke yin allura, ɗan sintiri, mai kawo ruwan leda, dillalin gidan haya. Ki ba shi wani halin kirki na gaske, misali shi ne kullum kan gaba wajen haƙar kabari, ko shi ke raba faɗan yara. Abu uku ki guje musu. Kar ki mai da shi aljani ko mai layar zana, da zarar ya iya ɓacewa an gama, mai karatu ya san ba dabarar da za ta yi aiki sai addu'ar malam a fej na ƙarshe. Kar ki mai da shi matsafi mai neman sassan jiki don kuɗi, wannan wani labarin ne daban kuma an tatse shi. Kar kuma ki ce ai mahaukaci ne shi ke nan, masu taɓin hankali na gaske sun fi zama waɗanda ake cuta, kuma mutumin da zai shekara goma yana ɓoye sawunsa ya san abin da yake yi sarai.

Mataki na uku: amsa tambayar da ke kashe irin wannan labarin

Me ya sa ita, kuma me ya sa bai kashe ta tun ranar farko ya huta ba? In ba ki da amsa mai ƙarfi, wlh wata mai kaifin kai a gurup za ta tambaya tun fej na goma kuma daga nan kowa zai fara ganin ramin.

Amsoshin da ke aiki ba su da yawa. Ko dai tana riƙe da wani abu da ita kanta ba ta san tana da shi ba, yana so ya gano iya abin da ta sani kafin ya taɓa ta. Ko yana son mai kallo, wanda zai san shi ne kuma ya kasa faɗa, wannan hali ne na gaske, Rader wasiƙu ya dinga aika wa jarida da gidan talabijin na garinsu, Sithole ma waya ya buga wa jarida. Ko kuma yana shirya ta ne ta ɗauki laifin. A labarin Hajara sai mu haɗa na farko da na uku. Tana da wani littafi mai bangon kwali da take rubuta duk wanda ya cire kuɗi, suna da lambar waya da lokaci, saboda rigimar "an cire min bai fito ba". Wata rana tana duba lissafi sai ta lura mata uku da aka yi jana'izarsu a unguwar cikin wata biyar, dukansu sun zo rumfarta kwana ɗaya kafin rasuwarsu, kuma duk ranar akwai suna guda da ke biye da nasu a layi. Sai dai sunaye uku ne ke maimaituwa a ranakun, ba ɗaya ba. Kin ga kin samu dalilinsa, kin samu waɗanda za a zarga, kin kuma samu abin da zai sa a zarge ta ita ma.

Kar ki ce wannan ya yi kama da ƙirƙira, a lamarin Shipman akwai direban tasi da ya dinga rubuta sunayen tsofaffin fasinjojinsa da ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe yana zargin likitan ya kasa faɗa don yana ganin ba mai yarda da shi.

Mataki na huɗu: hau da matsin a hankali

Ki ɗauka mutum ya cire takalmi yana alwala, ke kina zaune kin ga kunama ta shige cikin takalmin, shi bai gani ba. Yana wanke hannu, yana kurkurar baki, yana hira da na kusa da shi. Harbin daƙiƙa ɗaya ne, amma duk tsawon alwalar nan ranki a tsaye yake. Aikinki ki tsawaita alwalar.

Ki rubuta matakan matsin tun kafin ki fara, kamar takwas zuwa goma, kowanne ya fi na baya kusantar jikinta. Na farko ya zama abin da ita kanta za ta ce ƙila mantuwa ce: ta dawo ta tarar da makulli a ƙarƙashin turmi amma ba ta gefen da take ajiyewa ba. Na biyu filashin daga baƙuwar lamba kullum daidai lokacin da take rufe rumfa. Sai wani ya turo mata naira 100 a asusu, a wajen bayani an rubuta sunan ɗaya daga matan da suka rasu. Sai ɗanta ya dawo daga islamiyya da alawa, wa ya ba ka, "wani kawu, ya ce in gaishe ki, ya ce kin bar tagar baya a buɗe jiya." Ki lura har yanzu ba ɗigon jini ko ɗaya, amma duk uwar da ke karantawa ta miƙe zaune. Daga nan ne za ki fara taɓa abubuwan da kika jera a matakin farko, mai shagon taya ya samu saƙo da hotonta da aka ɗauka daga nesa tana magana da wani, maganar aure ta fara sanyi, matan gida su fara yin shiru in ta fito tsakar gida, shafi guda ya ɓace daga littafin lissafi. Kisa na gaba ya zo can wajen tsakiya, kuma ya faɗa kan wadda mai karatu ya riga ya sani ya saba da barkwancinta, ba wata baƙuwa da aka shigo da ita don a kashe ba.

Tsakanin kowane mataki ki bar numfashi. A yi suna, a yi rigimar kuɗin wuta, ɗanta ya ci jarrabawa. In kullum a firgice ake, firgicin zai zama abin yau da gobe.

Mataki na biyar: toshe hanyoyin tsira, amma da gaskiya

Nan ne ya kamata ki fi daɗewa, don mai karatu yana karantawa ne yana cewa ni da ni ce da tuni na je caji ofis, da na tashi daga unguwar, da na gaya wa yayana. Duk ƙofar da ya hango sai Hajara ta gwada ta a gabansa, kuma ta rufu da dalilin da shi ma ya san haka rayuwa take. In ta ƙi zuwa wajen 'yan sanda kawai don ke marubuciya ba ki so, ta zama wawuya, ba mai tausaya wa wawa har fej sittin.

Bari ta je. Ta zauna a kan benci, a ba ta takarda ta rubuta bayani, a tambaye ta wa ya yi miki barazana, ta ce ban sani ba, me aka yi miki, an matsar min da makulli an ba ɗana alawa. Ke kanki kin ji yanda zancen ya fito. Ba sai kin mai da 'yan sandan azzalumai ko sakarkaru ba, ya fi daɗi ki sa wani sajan mai kirki da ke da fayil talatin a gabansa kuma ba shi da ko gawa ɗaya da likita ya ce kashe ta aka yi. Wannan shi ne babban abin da ƙasarmu ta ba ki kyauta: mutum ya rasu da daddare, kafin azahar an kai shi makwancinsa, in an ce a kai asibiti a bincika gawa dangi su ce a'a kar a wulaƙanta ta, kwana ne ya ƙare, mun bar wa Allah. Makashin da ya san wannan zai daɗe yana yi. Ki yi amfani da shi cikin ladabi, ba kina zagin al'ada ko addini ba ne, kina nuna yanda mugu ke fakewa a bayan haƙurin mutane.

Ki san tsarin kaɗan don kar lauya ko matar ɗan sanda ta yi miki dariya. Ƙara tana farawa a ofishin yanki wajen DPO, in maganar kisa ce a tura ta sashen binciken manyan laifuka na jiha. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu kwana biyu, sai dai wannan wa'adin bai shafi wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne ba. Kotun majistare ba ta yanke shari'ar kisa, tsarewa take yi a jira shawarar ma'aikatar shari'a, babbar kotun jiha ce ke yi, kuma a tsohon kundin Penal Code na arewa sashe na 221 ne ke maganar kisan da hukuncinsa kisa ne. Ba kama yau rataya gobe. Haka maganar waya, tun ƙarshen 2020 aka fara tilasta haɗa layi da lambar NIN, don haka in makashinki na kira sai kin faɗi da layin wa, na wadda ta rasu misali, wanda ya fi tayar da hankali ma. In a cikin birnin Kano kika ajiye labarin kar ki sa ɗan acaɓa ya ɗauke ta, tun 2013 aka hana, a daidaita sahu ake hawa.

Sauran ƙofofin su ma haka. Ta gaya wa Inna, Inna ta ce "ke dai tun mutuwar auren nan ba ki dawo daidai ba", a kira mai ruƙiyya. Ta je wa mai unguwa, ya saurare ta da kyau, ya ce zai sa 'yan sintiri su sa ido, alhali ɗaya daga sunaye ukun nan ɗan sintiri ne. Tashi daga unguwa kuwa da wane kuɗin, haya ta biya ta shekara, kwastomominta a nan suke, in ta koma gida tsohon mijin zai samu hujjar karɓe yaro.

Mataki na shida: wa ke ba da labarin

Ki tsaya a cikin kan Hajara, ko da "na" ko da "ta", abin da ba ta gani ba mai karatu ma kar ya gani, sai dai ɗan gajeren fej jefi-jefi daga ɓangaren makashin ba tare da suna ba, layi goma sun isa, shi ne zai nuna mana kunamar. A nan ma kar ya yi ta surutun mugunta, ya yi maganar yau da kullum. Kamar haka:

"Yau ta canza hanya, ta bi ta bayan makaranta. Ya ji daɗi, alama ce ta fara tunani. Ya tsaya ya sayi lemo biyu, ɗaya nasa ɗaya na yaron, sannan ya wuce masallaci don an kusa tayar da magariba."

Sai wata ɗabi'a tamu da dole a ajiye ta a irin wannan rubutun, wato marubuciya ta dinga leƙowa cikin labari, "ni kuwa na ce hmm Hajara kin shiga uku", ko "da gudu na bi bayansu in ɗauko muku rahoto". A labarin barkwanci ko na soyayya yana da daɗinsa, a nan kuwa duk sanda kika leƙo kin tuna wa mai karatu cewa akwai wata zaune da waya tana taifin, tsoron ya tafi. Haka jerin emoji a tsakiyar fage, da "dam gabanta ya faɗi" sau bakwai a fej ɗaya. Ki nuna abin da hannunta ke yi, ta ƙirga kuɗin kwastoma sau uku tana ɓatawa, ta sa gishiri a shayi.

Mataki na bakwai: rubuta ƙarshen kafin ki saki fej na farko

Masu sakin labari kullum a WhatsApp ko Wattpad ko ArewaBooks sun saba tafiya da ra'ayin masu sharhi, yau a ce a haɗa wance da wane sai a haɗa. Wannan labarin ba ya jure haka. Ki san wane ne makashin, ki san kuskuren da zai tona shi, sannan ki koma baya ki shuka alamu aƙalla uku da ke nuna shi, kowacce ki binne ta a cikin wani abin da ya fi ta ƙara. Misali ranar da ake rigima a tsakar gida kan wa ya fasa bokiti, a nan ne mai gyaran wuta zai ce "ai tagar bayanki ma sakatarta ta lalace", a wuce, ba wanda zai tsaya tambayar ya aka yi ya sani. Sauran mutum biyun da ake zargi ki ba kowannensu sirrinsa na gaske da zai sa ya dinga ɓoye-ɓoye, ɗaya yana sayar da ƙwaya, ɗaya ya yi aure a ɓoye. In masu karatu sun canko shi da wuri kar ki canza shi don ki ba su kunya, alamun da kika shuka za su tashi a banza.

Wajen yanke fej kuma ba kullum "sai ga wata inuwa" ba. Yanke a kan abin da ta gano, ko shawarar da ta yanke, ko sallamar wanda bai kamata ya san tana nan ba.

Mataki na takwas: bari ta juya, da kayan hannunta

Wajen kashi biyu cikin uku na labarin dole Hajara ta daina gudu. Abin da zai juya ta ya zama an taɓa inda ba za ta iya haƙuri ba, yaron ya yi awa uku ba a gan shi ba, ko an tsare ta kwana biyu a kan zargin ita ce ke nuna matan. Ta fito ta san ba mai cetonta. Kar a nan wani kyakkyawan jami'i mai mota ya faɗo ya gama komai ya aure ta, in kin yi haka kin ƙwace mata labarinta. Taimako ya halatta, sajan ɗin nan ko wata tsohuwa mai wankan gawa da ta ga wani tabo a wuyan mutum biyu ta yi shiru, amma dabarar ta fito daga sana'arta. Ita ta san cewa ko an yage shafin littafi injin na ajiye tarihin ciniki, ta san wa ke cire kuɗi da katin da ba sunansa ba, ta iya riƙe fuska da lamba.

Kuskuren makashin kuma ya fito daga halinsa, yawanci girman kai. Rader bayan shekaru yana shiru ya dawo da aika saƙo a 2004, har ya tambayi 'yan sanda ko za a iya gano shi in ya aiko da faifan kwamfuta, suka amsa masa ta jarida cewa ba komai, ya aika, a cikin faifan aka samu sunan cocinsa da sunansa na farko. Shipman takardar wasiyya ta jabu ya haɗa da sunan wata da ya kashe, 'yarta lauya ce, ta duba ta ce wannan ba aikin mahaifiyata ba ne. Gracious David-West da ya dinga kashe mata a otal-otal na Fatakwal a 2019, kyamarar otal ce ta ɗauke shi bidiyon ya yaɗu, aka kama shi a watan Satumba na shekarar, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a 2020. Naki ma ki sa ya faɗi ta inda yake ganin ya fi kowa wayo.

Fagen haɗuwarsu ki yi shi a wurin da muka sani tun farko, ɗakinta ko rumfar, da abubuwan da muka riga muka gani a ciki. Gajerun jimloli, ba dogon jawabin da zai zauna yana bayyana tarihinsa tun yarinta alhali tana ɗaure. Bayan an gama ki ba mu fej ɗaya ko biyu na abin da ya rage, matan gidan da suka daina gaishe ta yanzu sun rasa yanda za su fara, yaron ba ya karɓar komai a hannun kowa.

Mataki na tara: gyara

Kafin ki saki, koma kan matan da aka kashe ki tabbata kowacce tana da suna da wani abu nata, bashin da take bi, ɗinkin sallah da ba ta karɓa ba. Ki cire duk bayanin yanda aka yi kisan dalla-dalla, ba ya ƙara tsoro kuma ba darasi kike koyarwa ba, in kina da niyyar buga shi a takarda a Kano ma akwai hukumar tace fina-finai da ɗab'i da zai bi ta hannunta. Kar ki ɗauko rasuwar wata ta gaske a unguwarku ki canza harafi ɗaya a sunan, danginta na karatu, kuma kar ki jingina makashin da wata ƙabila ko wani gari yanda zai zama zagi.

Sannan ki ba mutum biyu su karanta, waɗanda ba sa jin kunyarki, banda ƙawar da komai kika rubuta sai ta ce wow. Tambaya uku za ki musu: a wane fej kuka fara zargin wane, a ina kuka ajiye waya kuka tafi wani abu, kuma a ina kuka ce ni da ni ce da ba haka zan yi ba. In dukansu sun gano shi kafin rabi, alamunki sun yi ƙara, ki ƙara binne su. In ba wanda ya zarge shi ko sau ɗaya har ƙarshe, sun yi kaɗan, ki ƙara ɗaya a kashin farko. Inda suka ajiye waya ki yanke ko ki matso da matakin matsi na gaba kusa, inda kuma suka ce da ba haka za su yi ba, ki koma mataki na biyar ki sa Hajara ta gwada ainihin abin da suka faɗa.